Amsa ga ƙanwarmu da aka ba maikurobayoloji a maimakon likitanci

Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, na ga tambayarki: kin nemi likitanci a KASU, jami'ar jihar Kaduna, an ba ki maikurobayoloji, wato ilimin ƙananan halittun da ido ba ya gani, kina so ki ji ko ki karɓa ko ki sake zana JAMB, da kuma ko za ki iya aiki a ɗakin gwajin asibiti in kin gama. Ni ma ta wannan ƙofar na shiga, a Zariya, sai da na yi kuka ranar da na ga sunana.

Bari in fara da abin da ba a gaya mana da wuri ba. Digirin maikurobayoloji na shekara 4 ba ya ba ki lasisin gwada jinin majinyata. Wannan hurumin waɗanda suka karanta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ne, kwas na shekara 5, kuma hukumar MLSCN ce ke yi musu rajista. Bayan na gama bautar ƙasa na kai takarduna wani ɗakin gwaji nan cikin gari, lasisi suka fara tambayata, na juyo jiki a sanyaye. In dai asibiti zuciyarki take, ki yi shawara da iyayenki, ki sake jarrabawar. Kada ki shiga da niyyar sauya kwas a aji biyu, gurbin kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka.

Amma karatun kansa, wallahi ban taɓa nadamarsa ba. Ajin farko kusan maimaicin sakandare ne. Daga aji biyu ake raba gari, inda bayokemistiri ke kayar da masu hadda. Ranar da na fara rina bakteriya da hannuna, ta hanyar da Hans Christian Gram ya fito da ita a 1884, na leƙa madubin likita na ga wasu sun riƙe shuɗi, wasu sun koma ja-ja, kawai saboda bambancin kaurin bangon jikinsu, ranar na daina jin cewa jefo ni aka yi. Sai kuma na gane ashe a gidanmu ake wannan ilimi tun kaka da kakanni: bakteriya ce ke mayar da madara kindirmo, ita ce ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa.

Ilimin garkuwar jiki ya fi ba ni wuya, shi kuma na fi so. Sunaye ne birjik, amma in kin ɗauke shi kamar labarin tsaron gari sai ya zauna: wa ya fara ganin baƙo, wa ya kai rahoto, wa ya riƙe kamanninsa don gaba. Sinadaran kariya iri 5 ne. A cikinsu, wanda ake kira IgG shi kaɗai ke ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi, IgA kuwa yana da yawa a dakashi, nonon farko da wasu har yau suke matsewa su zubar. Da wannan na shawo kan gwaggona ta bar surukarta ta shayar tun ranar haihuwa. Da shi kuma nake yi wa matan unguwarmu a Tudun Wada bayanin rigakafi, ina tuna musu a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

In kin karɓa, ki riƙe aikin hannu da kyau. A furojet ɗina na yi gaggawa, ban bar kayan renon bakteriya sun cika minti 15 a zafin digiri 121 da ke kashe ƙwayoyin da ke jikinsu ba, washegari faranti duk sun gurɓace, aikin mako 2 ya tafi. Wata 6 na SIWES, wato koyon aiki a ma'aikatu, kuma kada ki nemi inda za a sa miki hannu kawai. A Kaduna akwai Cibiyar Binciken Cutar Sammore, akwai ɗakin gwajin NAFDAC, akwai masana'antun abinci da na ruwan leda masu buƙatar mai duba ingancin kaya. A irinsu nake aiki yanzu, ina kuma haɗa digiri na biyu.

In kin yanke shawarar karɓa, ki yi min magana, littattafaina na aji biyu da na uku suna nan a ajiye. Allah Ya zaɓa miki mafi alheri.