Tambaya da Amsa: Jan Layin da Aka Ce Ya Ratsa Abuja

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, ina zaune a Mpape tun kafin ƙasa ta motsa mana a 2018. Na yi adashi na tara kuɗin fili a bayan unguwarmu, har na ba da kafin alƙalami. Sai ƙanena ya turo mini wata taswirar Nijeriya ta WhatsApp, ga ta nan na haɗo maka. An ja jan layi daga kudu ya bi ta Abuja ya yi arewa, an rubuta wai ta nan ƙasa za ta tsage kamar yadda ta yi a Turkiyya. Uwargida ta ce lallai mu fasa. Su wa ke zana irin wannan taswira, ta yaya suke ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma in fasa ne ko in ci gaba?
Mai karatu daga Mpape, Abuja.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a abin da ka tara. Kada ka fasa saboda wannan hoton. Amma ka gaya wa uwargida tsoronta ba na banza ba ne, domin duk wanda ya kwana a Mpape a farkon Satumban 2018 ya ji ƙasa na ruri a ƙarƙashin gadonsa, ya sake jin haka a Satumban 2024, ba za a ce masa mafarki ya yi ba.

Na duba hoton. Babu sunan wanda ya zana, babu shekara, babu ma'aunin nisa. Ka lura da wani abu da kanka: an matse Nijeriya gaba ɗaya, ƙasar da faɗinta ya haura kilomita dubu, a fuskar waya. A irin wannan matsi, kaurin jan layin nan kaɗai ya rufe fiye da kilomita 15 a doron ƙasa. Mpape da Maitama da Katampe duk za su shige cikin kaurinsa su ɓace. Taswirar da ba ta iya raba unguwa da unguwa ba, ta yaya za ta yanke hukunci a kan fili ɗaya?

Ga alama wanda ya zana ya ji labarin tsagar Ifewara zuwa Zungeru ne. Wannan kam gaskiya ce, mu da muka karanci duwatsu mun san ta: doguwar tsaga ce a cikin dutsen da ƙasarmu ke zaune a kai, ta taso daga wajen Ifewara a jihar Osun ta bi ta Zungeru a jihar Neja. Sai dai tsakanin Zungeru da Mpape akwai fiye da kilomita 100, mai zanen ya jawo ta gabas ne don ta faɗa kan Abuja. Akwai 'yar'uwarta da ta bi ta Anka da Yawuri. Masu haƙar zinariya a Zamfara da Birnin Gwari sun san waɗannan wurare da hannunsu ko da ba su taɓa ganin taswira ba, saboda farin dutsen da suke bi yana ɗauke da zinariya a cikin irin waɗannan tsagogi ya daskare. Shekarun waɗannan tsagogi sun kai miliyan 600.

Yadda ake gano su kuwa aiki ne mai daɗi, bari in ɗan daɗe a nan.

Ana fara shi ne a gaban kwamfuta. A shekarar 2000 wani kumbon Amurka ya auna tudu da kwarin kusan duk duniya da na'urar rada, kuma yau kowane ɗalibi na iya sauke wannan awo kyauta, kowane ɗigo a hoton yana wakiltar mita 30. Sai ka sa kwamfuta ta haska ƙasar da rana ta ƙarya, ka kwantar da hasken kamar na la'asar sakaliya. Kana juya hasken daga gabas zuwa arewa sai ka ga abin da ba ya ganuwa ɗazu ya fito: wani kwari miƙe sak na tsawon kilomita ashirin, ko rafi da yake tafiyarsa sai ya karya kwana kwatsam ya bi layi sannan ya koma hanyarsa, ko tsaunuka da suka yi sahu aka yanke su a gefe guda. Ruwa ya fi son bin inda dutse ya farfashe, shi ya sa koguna ke tona asirin tsaga. Bayan wannan akwai awon maganaɗisu. Tsakanin 2003 da 2010 jiragen sama sun yi ta kai da komo a sararin Nijeriya suna auna maganaɗisun duwatsu, bayanan suna hannun hukumar binciken ƙasa da ma'adinai, NGSA. Da shi ake hango tsagar da yashi da jar ƙasa suka binne. Ƙasashe masu hali suna ƙarawa da hasken leza daga jirgi, wanda ke ratsa ganyen itatuwa ya nuna gargadar da ba ta kai tsayin gwiwa ba.

Duk wannan zargi ne kawai. Na taɓa zama da wani ɗalibi da ya zana layuka masu kyau a wani yanki na kudancin Kaduna, ya zo yana murna. Da muka shiga daji da guduma da kamfas, ɗaya daga cikin mafi tsawonsu burtali ne, shanu suka tattake shi shekara da shekaru har ya fito a hoton tauraron ɗan'adam. Wani kuma tsohuwar hanyar mota ce. Na uku ne muka samu dutsen ya niƙe ya yi sulɓi, da zane-zanen gogayya a jikinsa kamar an ja ƙusa, wanda ke nuna ɓangare ɗaya ya goge ɗaya. Wannan kaɗai muka bari a taswira. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an ɗauki layin da ƙafar kowa ba ta taka ba ana tsorata talakawa da shi.

To, an tabbatar tsaga ce. Saura babbar tambaya: tana motsi har yanzu, ko ta daɗe da kwanciya? Ka ɗauke ta kamar ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke. Tana iya shekaru ana dama fura a ciki lafiya lau, amma ranar da aka danne ta, ta wurin ɗinkin za ta buɗe. Abin da masana ke aunawa ke nan, nawa ne dannin. Suna kafa na'urorin GPS a kan dutse su bar su shekaru. Suna kwatanta hotunan rada na tauraron Sentinel-1, wanda Turai ta harba a 2014, su ga ko ƙasa ta gusa da santimita ɗaya ko biyu. Suna haƙa rami a gicciye kan tsagar, su duba shimfiɗun ƙasa inda suka karye, su tsinci gawayi a ciki a auna shekarunsa, a san yaushe ta motsa na ƙarshe.

A nan Turkiyya ta bambanta da mu nesa ba kusa ba. Ɓawon duniya a rarrabe yake zuwa manyan faya-fayai masu motsi a hankali, ita kuma tana kan mahaɗarsu ne, ƙasar Larabawa na tura ta daga kudu, ita kuma tana zamewa yamma da wajen santimita 2 kowace shekara. Tsagar da ta ɓalle ranar 6 ga Fabrairun 2023 sananniya ce, tana cikin taswirar hukumar binciken ƙasa ta Turkiyya tun da daɗewa. Ta yage na tsawon fiye da kilomita 300, ƙarfinta maki 7.8 a ma'aunin girgizar ƙasa, mutane fiye da 50,000 suka rasu a Turkiyya da Siriya. Nijeriya kuwa tana tsakiyar faifan Afirka, mahaɗa mafi kusa da mu tana can tsakiyar tekun Atilantika. Motsin Mpape na 2018 da na Kwoi ta jihar Kaduna a 2016 wajen maki 3 suke. Kowane maki ɗaya a wannan ma'auni ninki 32 ne na ƙarfi, don haka ta Turkiyya ta fi taku fiye da sau miliyan goma.

Ba na so ka tashi daga nan da cewa mu mun tsira. Kasancewa a tsakiyar faifai yana rage yawan girgiza, ba ya hana ta. A Disambar 1983 ta auku a arewa maso yammacin Gini, inda ba wanda ya sa rai, ta kashe ɗaruruwa. Ranar 8 ga Satumban 2023 ta auku a tsaunukan Atlas na Maroko da maki 6.8, kusan mutum 3,000 suka rasu, akasarinsu a ƙauyukan ginin ƙasa, alhali hankalin masana ya fi karkata ga arewacin ƙasar. Tsagar da ke motsi a hankali tana iya yin shiru na dubban shekaru, fiye da tsawon tarihin da aka rubuta. Mu kuma kunnuwanmu kaɗan ne. Cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke Toro a jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar sararin samaniya NASRDA, tana da tashoshin sauraren girgiza a wurare irin su Kaduna da Ile-Ife da Nsukka, NGSA ma ta ƙara wasu a Abuja bayan 2018. Ana bukatar aƙalla tasha uku kafin a ce ga inda girgiza ta taso, kuma idan tashoshin sun yi nisa da juna kuskuren ya kan kai kilomitoci. Wannan na cikin dalilan da suka sa har yau masana ba su haɗu a kan bakin zaren Mpape ba: wasu na cewa tsofaffin ƙananan tsagogi ne ke sauke nauyi, wasu na ɗora laifi a kan nakiyar masu fasa dutse da yawan rijiyoyin burtsatse, har hukumar birnin ta dakatar da waɗannan ayyuka na wani lokaci a 2018. A ganina kuɗin da ya kamata gwamnati ta kashe a nan ba shi da yawa idan aka kwatanta da gada guda, kuma abin kunya ne babban birnin ƙasa ya zauna ba shi da taswirar tsagoginsa unguwa-unguwa da kowa zai iya dubawa.

Game da filinka, abin da ƙafarka za ta taka ya fi wancan layin muhimmanci. Je ka gan shi da damina. Idan cikon shara ne ko bakin rafi ko tsohon ramin fasa dutse da aka cike, ka haƙura da shi ko da araha ne, domin ƙasa mai laushi tana ƙara ƙarfin girgiza, tana kuma nutsar da gini ko ba girgiza. Idan a gindin tsauni yake, ɗaga kai ka duba ko akwai manyan duwatsu a rataye. Tambayi maƙwabta nisan inda ake tayar da nakiya, ka dubi bangayensu. Idan ka zo gini, kada ka bari a yi maka ƙwauron siminti a bulo, a sa rodi a ginshiƙai, a zagaye ginin da linta ta ɗaure shi gaba ɗaya. Kuma ka tabbatar da takardun filin kafin ka biya sauran kuɗin, wannan ya fi kusa da kai fiye da girgizar ƙasa.

TAMBAYA: Malam, ni 'yar kasuwa ce a Nima, Akara. Ɗana yana so ya yi gini a wajen Weija. Kuma ana ta yaɗa wani saƙon murya wai masana sun ce ranar Juma'a mai zuwa za a yi babbar girgiza. Gaskiya ne?
Hajiya daga Akara, Gana.

AMSA: Hajiya, saƙon muryar nan ƙarya ne, kada ki tura wa kowa. Babu masanin da ya iya faɗin ranar girgiza, ko a Japan ko a Amurka. Iyakar abin da taswira ke faɗa shi ne irin girgizar da wuri zai iya fuskanta cikin shekara 50, don injiniyoyi su san ƙarfin ginin da za su yi.

Amma amsarki ta sha bamban da ta ɗan'uwanmu na Abuja. Akara tana da tarihin girgizar ƙasa: 1862, 1906, sai ta 22 ga Yunin 1939 mai maki wajen 6.5 wadda ta kashe mutum 17 lokacin garin bai kai ko kusa da girmansa na yau ba. Tsagogi biyu ne suka haɗu a yammacin birnin, ta Akwapim da ta gefen teku, kuma Weija da McCarthy Hill suna daidai wannan yanki, shi ya sa suka fi kowa jin motsin da aka yi a Disambar 2018 da Yunin 2020. A Kalifoniya ta Amurka tun 1972 doka ta hana gina akasarin gine-ginen zama a kan tsaga mai motsi, yawanci ana ja da baya wajen mita 15. Ki sa ɗanki ya je hukumar binciken ƙasa ta Gana da takardar filin kafin a zuba ko tifa ɗaya ta yashi, a gwada masa ƙasar wurin, kuma idan bene yake so, injiniya mai lasisi ya zana masa, kada ya bar wa magini shi kaɗai.