Dafin dodon koɗin teku: tambayoyinku da amsoshin likita

Wani masunci daga Yauri ya tambaya: Likita, ɗana ya nuna mini bidiyon wani dodon koɗi yana harbin kifi, nan take kifin ya sandare. Akwai irinsa a Kogin Neja?

Malam, kwantar da hankalinka. Wannan halitta da masana ke kira Conus a ruwan gishiri kaɗai take rayuwa, musamman a tekun Indiya da Fasifik. Abin da ya fi damuna game da masu irin sana'arka shi ne ƙananan dodon koɗin fadamunmu, domin su ne ke rainon tsutsar tsargiya, wadda ke huda fata idan an shiga ruwa. Duk yaron da ka ga jini a ƙarshen fitsarinsa, kai shi asibiti a gwada shi, a ba shi maganin tsargiya mai suna praziquantel.

Wata ɗalibar aikin jinya daga Birnin Kebbi ta ce: Yaya dafin yake shanye jiki?

'Yata, sirrin yana cikin ƙirarsa. Dafin haɗin ƙananan sinadarai ne masu yawa, kuma rukunin da ake kira alfa-konotoksin gajeriyar sarƙa ce ta amino asid (tubalan ginin furotin) kamar 12 zuwa 20, wadda ƙulli biyu na sinadarin farar wuta suka naɗe ta tamau, har ta zama dunƙule mai tauri da ba ya saurin warwarewa. A mahaɗar jijiya da tsoka akwai wani gurbi da sinadarin asitilkolin ke zama a kai, ya umarci tsoka ta motsa. Dunƙulen nan ya yi daidai da gurbin, sai ya shige ya toshe shi kamar makullin da ya karye a cikin kwaɗo: jijiya na ta aika saƙo, tsoka ba ta ji. Idan abin ya kai ga tsokar numfashi, rai na cikin haɗari, kuma da yake ba shi da allurar karya dafi, na'urar numfashi ce ke riƙe majiyyaci har dafin ya fita. Ki riƙe wannan da kyau, domin gurbin nan ne dafin wasu nau'o'in gamsheƙa ke toshewa, kuma faɗuwar fatar ido na daga alamun farko da za ki gani.

Daga Zuru kuma wani ya ce: Mahaifiyata na fama da ciwon baya, na ji an yi maganin raɗaɗi daga wannan dafi.

Allah Ya ba Mama lafiya. Gaskiya ne, sunansa ziconotide, an samo shi daga binciken da aka yi a ɗakin gwajin Farfesa Baldomero Olivera a Jami'ar Utah, Amurka kuma ta amince da shi a 2004. Amino asid 25 ne, yana toshe ƙofar da sinadarin kalsiyam ke shiga ta cikinta a jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Sai dai ta ruwan laka ake ba da shi, ga masu ciwon da ya gagari sauran magunguna, kuma yana iya jawo jiri da ruɗewa. Ka fara kai ta a gano musabbabin ciwon.