Amsa: Na yi addu'a har na gaji, ko Allah ya manta da ni ne?

Sannu 'yar'uwa, Ubangiji ya kawo sauƙi. Kin ce ciwon nan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga addu'a ga azumi amma shiru, har wasu a coci suna cewa wai akwai zunubin da kika ɓoye. Gaskiya wannan maganar tasu ba ta yi min ba sam, irinta abokan Ayuba suka dinga yi masa yana zaune cikin toka yana sosa gyambunansa da guntun fasasshiyar tukunya, ƙarshe Allah ya yi fushi da su ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba, ki duba Ayuba 42:7. Ko Yesu da aka tambaye shi ko zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, a Yohanna 9, cewa ya yi ba laifinsa ba ne ba na iyayensa ba.

Bulus fa, manzo guda, sau uku yana roƙo a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korantiyawa 12), kuma da ƙayar ya ci gaba da aiki.

Kar ki ji kunyar kuka gaban Allah, Zabura 13 ma da "har yaushe" Dauda ya fara ta. In bakinki ya kasa addu'a ki karanta ta kawai. Kuma don Allah kar ki daina shan maganinki, ki samu mutum ɗaya mai riƙon amana a zumuntar mata ku dinga addu'a tare.