Bugu biyu ba sa kama da juna: yaya zan taƙaita kaɗa sanda a golf?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata biyu da fara buga golf a Kaduna, kuma na haura shekara 40. Matsalata ita ce buguna ba ya zama iri ɗaya. Wannan ya miƙe, na gaba in tono ƙasa kafin ƙwallo, na bayansa in sare ta a ka ta yi ta gungura. Abokina ya ɗauke ni a waya, sai na ga kan sandata yana leƙo ƙasa ta bayan kafaɗata ta hagu. Ya ce in rage ɗaga sanda, ni kuma ina tsoron nisa zai ragu. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya gano ciwon, amma maganin da ya ba ka rabi ne. Idan aka ce wa mutum ya rage ɗaga sanda kawai, yawanci sai ya daina juya jiki, ya koma fizga da hannu, abin ya ƙara lalacewa. Ga ƙa'idar da nake so ka riƙe: hannu ya tsaya a inda kafaɗa ta tsaya. Na ɗauka da dama kake bugu. In bahago ne kai, sai ka juya duk abin da zan faɗa.

Ka sake kallon bidiyon nan a hankali. Za ka ga wani lokaci da ƙirjinka ya gama juyawa, bayanka ya fuskanci inda kake son ƙwallo ta je, amma sanda ba ta tsaya ba. Daga wannan wurin ba jiki ne ke tafiya da ita ba. Gwiwar hannun hagu ce ta lanƙwashe, ko wuyan hannu ya karye, ko yatsu ukun ƙarshe na hannun hagu sun buɗe, ko kuma nauyinka ya rinjayo kan ƙafar hagu tun ba a zo wurin ba. Wannan ƙarin tafiyar ba ƙarfi take tara maka ba, bashi take ɗora maka. Duk abin da ya kwance a sama dole ka ɗaure shi a hanyar saukowa, alhali saukowar gaba ɗaya kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa ce kawai. Ranar da ka dace sai bugu ya yi kyau, ranar da ba ka dace ba sai ka tono ƙasa. Shi ya sa bugunka yake sauyawa.

Ka taɓa tsayawa ka kalli mai faskare da ya ƙware? Ba ya kai gatari har gadon bayansa. Yana ɗaga shi iya inda zai iya sarrafa shi, ya sauko da ƙugu da kafaɗa, bakin gatarin ya faɗa cikin tsagar da ya faɗa ɗazu. Sabon shiga shi ne ke wurga gatari baya da dukan ƙarfinsa, sara goma wuri goma.

Batun nisa kuwa, kwantar da hankalinka. Jon Rahm, ɗan Sifaniya, an haife shi da karkatacciyar ƙafar dama, kuma idon sawunsa ba ya motsi sosai. Saboda haka ɗaga sandarsa gajere ne ƙwarai, ba ta ko kai kwanciya a saman kafaɗa. Da wannan salon ya ci manyan gasannin golf biyu, US Open a 2021 da Masters a 2023, kuma babu mai cewa bugunsa ba ya nisa. Gaskiya ne akwai John Daly na Amurka, wanda sandarsa ke zarcewa kamar taka, ya kuma ci gasar PGA a 1991 da British Open a 1995. Amma shi tun yana yaro yake bugu haka, jikinsa ya saba. Mai aiki da iyali, wanda ke zuwa fili sau ɗaya ko biyu a mako, ba shi da lokacin da zai yi rainon irin wannan salo. A wurin irinmu, nisa ya fi samuwa daga haɗuwar ƙwallo da tsakiyar fuskar sanda. Shafa alli a fuskar sandarka ka buga goma, ka duba tabon. Ina kyautata zaton za ka tarar da shi a warwatse, kuma a nan nisanka yake zubewa.

To, ga aikin. Ɗauki sanda mai kan ƙarfe mai lamba 7 da ƙaramin tawul. Shimfiɗa tawul ɗin a ƙirjinka, ka maƙale gefensa biyu a hammata. Ɗaga sanda har hannun hagu ya kwanta daidai da ƙasa, ka sauko, ka ƙare hannun dama a kwance ta ɗaya ɓangaren. Rabi da rabi ke nan. In tawul ya faɗi wajen ɗagawa, hannu ya gudu ya bar jiki. Kada ka matse shi kamar za ka fasa haƙarƙari. Riƙo sassauƙa ya isa. Da farko za ka ji kamar an ɗaure ka, kuma za ka rantse sandar ba ta wuce ƙugunka ba. Sa a ɗauke ka a waya, za ka ga ta kai kafaɗa. Abin da jiki ke ji da abin da yake yi suna da nisa a wasan nan, don haka waya ce alƙali, a ajiye ta daidai tsayin hannunka tana fuskantarka.

Na biyu ya fi muhimmanci a wurina, musamman a filayenmu na Arewa. Da rani ƙasa takan ƙeƙashe, ciyawa ta yi ƙaranci. A fili mai laushi, sanda na iya taɓa ƙasa kaɗan kafin ƙwallo ta zame ta ci gaba. A busasshiyar ƙasa kuwa sai ta yi tsalle ta sari ƙwallo a ciki. Ja layi a ƙasa da tsinke, ka tsaya layin na tsakiyar ƙafafunka, ba tare da ƙwallo ba. Kaɗa sanda, ka nemi ta karci ƙasa a gaban layi, ɓangaren da ƙwallo za ta tafi. Da sandunan ƙarfe ƙwallo ake fara samu, sannan ƙasa. Ba za ka iya haka ba sai nauyinka ya koma ƙafar hagu kafin sanda ta iso, hannuwa kuma suna ɗan gaba da kan sanda. Idan takwas cikin goma sun faɗi a gaban layi, sai ka ɗora ƙwallo a kansa.

Sai sauri. Ƙwararru sukan ɗauki kusan ninki uku na lokacin saukowa wajen ɗagawa. Ni nakan ce wa ɗalibi ya furta "Malumfashi" a ransa: "Ma-lum-fa" yana ɗagawa, "shi" lokacin da sanda ta sami ƙwallo. Wanda ke fizgar sanda baya da gaggawa, nauyinta ne ke jan hannunsa ya zarce. Riƙon kuma ya zama da yatsu ba tafin hannu ba, yatsu ukun nan na hagu su zauna daram har ƙarshe.

Wata magana da ta shafi shekarunka. Littattafai na cewa kafaɗa ta juya digiri 90, ƙugu kusan 45. Idan bayanka bai yarda ba, kada ka tilasta masa. Bar ƙugu ya ƙara juyawa, ko diddigen hagu ya ɗan ɗaga. In kuma kana jin zafi a ƙashin baya bayan wasa, je ka ga likita kafin ka ƙara yawan atisaye.

Ba wa abin mako huɗu. A kowane zuwa, ƙwallo 30 na farko rabi da rabi da tawul, 20 a kan layi, sannan ka cire tawul ka buga cikakke, kana tsayar da hannu inda ƙirji ya tsaya. Doguwar sandar bugun nesa da ake kira direba ta zauna a jaka sai mako na uku. A makon farko ƙwallo za ta iya faɗuwa ba ta kai nisan da ka saba ba, kada wannan ya mayar da kai gidan jiya. Ranar ƙarshe ka sake shafa alli, ka sa abokin nan naka ya ɗauke ka daga wurin da ya tsaya a karon farko, ka jera bidiyon biyu.