Sau uku ana mayar mini da taken kundina, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar Turanci ce a wata sakandaren 'yan mata, ina digiri na biyu a fannin horar da malaman Turanci. Na gama kwasa-kwasai, saura kundi. Sau uku ina kai take, mai duba aikina yana mayar mini. Na ƙarshe shi ne "Matsalolin koyar da Turanci a sakandaren Jihar Kano". Cewa kawai ya yi ya yi faɗi. Abokan karatuna sun ce in raba takardun tambayoyi ɗari uku in huta. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Mai duba aikinki ya yi gaskiya, sai dai ya yi miki rowar bayani. Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, kalmar "matsaloli" kuwa buhu ce, komai aka zuba tana ɗauka: rashin littafi, cunkoson aji, albashi, har rufin da ke yoyo. Wanda ya ɗauki wannan take, tun kafin ya fita daga gida ya san abin da zai rubuta a babi na biyar, wato babin kammalawa, kuma masu jarrabawa sun sha karanta irinsa.

Akwai aibi na biyu da bai faɗa miki ba. Fanninki horar da malamai ne, don haka malami ne abin bincikenki: yadda aka koya masa, abin da ya ɗauka game da koyarwa, da abin da yake yi in ya tsaya gaban allo. Taken da kika kai bai ambaci wannan ba ko kaɗan.

Ga misalin yadda ake tsuke shi. Manufar ilimi ta ƙasa ta shekarar 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a farkon firamare, daga baya a koma Turanci. Duk wanda ya taɓa shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a ƙasar Hausa ya san Hausa ba ta fita daga ajin ba. To, ɗalibin NCE na kwalejin horar da malamai da aka turo gwajin koyarwa, yaushe yake komawa Hausa a darasin Turanci? Wajen fassara kalma ne, ko wajen tsawatarwa, ko in ya ga yara sun yi zuru? Me aka gaya masa a kwaleji game da hakan? Wannan tambaya ce da mutum ɗaya zai iya amsawa da malamai shida zuwa takwas a makarantu uku ko huɗu.

Sai batun takardun tambayoyi. Ban hana ba, amma ki san abin da suke aunawa: abin da mutum ya ce yana yi. Na taɓa zama a bayan aji ina duba wata ɗaliba mai gwajin koyarwa, wadda a takarda ta nuna sam ba ta amfani da Hausa. Ta rubuta "fan" da "pan" a allo, yara suka karanta su iri ɗaya, domin Hausa ba ta bambanta waɗannan sautuka biyu. Ta maimaita, suka maimaita, babu canji. Can sai ta ajiye alli ta ce, "Kai, ku haɗe leɓɓanku mana, kamar za ku tofar da ƙwallon magarya!" Nan take rabin ajin suka kama. Ba ƙarya ta yi a takarda ba, ba ta ma san tana yi ba. Wannan tazara tsakanin faɗa da aikatawa ita ce naman kundinki, kuma akwai ra'in da zai ɗauke ta. A 1975 wani masani Ba'amurke, Dan Lortie, ya nuna cewa kafin ɗalibi ya gama sakandare ya shafe kusan awa 13,000 yana kallon malamai, shi ya sa sabon malami yakan koyar yadda aka koya masa, ba yadda kwaleji ta ce ba. Ki nemi ayyukan Simon Borg a kan tunanin malaman harshe, za su cika miki babi na biyu, wato babin bitar ayyukan magabata.

Tunda na ambaci babi na biyu: kada ki mayar da shi jerin gwano na "wane ya ce, wance ta ce". Ki tara masu ra'ayi ɗaya wuri ɗaya, ki nuna inda suka saɓa, sannan ki nuna giɓin da aikinki zai toshe.

In sashenku ya dage sai da alƙaluma, wanda yakan faru a tsangayoyin ilimi, ki haɗa biyun, wato kallon darasi a aji da takardun tambayoyi. Amma ɗari uku ɗin nan daga ina ta fito? Za a tambaye ki ranar kare kundi. Jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 shi aka fi dogara da shi wajen sanin mutum nawa za a tambaya, inda a cikin mutum 1,000 ake ɗaukar samfurin 278. Ki gwada takardar a wata makarantar da ba ta cikin binciken, ki tabbatar ma'aunin Cronbach, mai nuna ko tambayoyin abin dogaro ne, ya kai 0.7, kafin ki kai ta ga SPSS, manhajar nazarin alƙaluma.

Abin da ke cin lokaci ba rubutu ba ne, kalandar makaranta ce. Ki karɓi wasiƙar gabatarwa daga sashenku tun da wuri, ki nemi izinin hukuma da na shugaban makaranta, ki kauce wa makonnin jarrabawa. Ki nemi yardar kowane malami kafin ki naɗi muryarsa a waya, ki kuma sakaya sunansa da na makarantarsa. Darasin minti 40 yana iya cinye miki yini guda wajen mayar da shi rubutu, musamman inda Hausa da Turanci suka cakuɗe, saboda haka kada ki tara su.

Manazarta kuwa, ki bi tsarin da makarantarku ta ce, galibi APA, tsarin jera manazarta wanda bugu na bakwai ya fito a 2019, kuma ki riƙa rubuta kowace tun ranar da kika karanta ta. Jami'o'i da dama suna tace kundi da manhajar Turnitin don gano satar fasaha. Ki kuma sani, masu jarrabawa ba sa yi wa malamar Turanci uzuri a kan nahawu kamar yadda suke yi wa wasu.

In za ki koma wurin mai duba aikinki, kada ki je da take tsurarsa. Ki je da shafi ɗaya mai ɗauke da tambayoyin bincike biyu ko uku, makarantun da za ki shiga, malaman da za ki kalla, da zangon karatun da za ki yi hakan. Taken ku gyara shi tare a kan wannan shafin. Allah Ya ba da sa'a.