Amsa: Hasken da ka gani ta wajen Rigasa

Malam, ka ce bayan isha ka ga wani haske ya tsaga sama ta wajen Rigasa ya ɓace cikin sakan biyu, kana tambaya ko aljanu ne ko makami. Kwantar da hankalinka, wannan ɗan tsakuwa ne daga sararin samaniya, wani ma bai wuce ƙwayar gero ba, saboda tsananin gudu iska ke ƙone shi tun yana wajen kilomita 100 a sama.

Da a ce hasken tsayawa ya yi wuri ɗaya yana sheƙi ta yamma bayan magariba, to Zara ce matar wata. In kuma ɗigo-ɗigo ne a jere suna tafiya kamar jirgin ƙasa, taurarin ɗan'adam ne na intanet da ake kira Starlink, ranar da na fara ganinsu wallahi sai da na yi salati.

In kana son kallo sosai ka jira daren 13 zuwa 14 ga Disamba lokacin Geminids, wato lokacin da irin wannan hasken ke zubowa da yawa, irinsa na Agusta kam manta da shi, damina ce, gajimare ya rufe ko'ina. Ni tabarma nake shimfiɗawa a tsakar gida wajen ƙarfe biyu na dare in an ɗauke wuta, in kife waya minti 20 ido ya saba da duhu, sai dai hazo kan ɓata lissafi.

Wani lokacin ma dutsen na isowa ƙasa fa, na Zagami a Katsina da ya faɗo a 1962 daga duniyar Mars yake, kusan kilo 18.