Ga mai son ƙwarewa a jinyar ɗakin matsi a Amurka

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma ba kai ne na farko da ya yi mini wannan tambaya ba. Kana so ka san ko kwas ɗin awa 40 da ka gani a intanet zai ba ka takardar ƙwararre a fannin jinya da iskar oksijin cikin ɗakin matsi, wato ɗakin da ake sa majiyyaci a ƙara matsin iskar cikinsa. Ba zai ba ka ba. Share fage ne kawai.

Takardar ta gaskiya hukumar ABPM (ta ƙwararrun likitocin rigakafi) ko ta ABEM (ta likitocin gaggawa) ke bayar da ita, kuma ba za su ko dubi fam ɗinka ba sai kana riƙe da takardar ƙwarewa ta farko daga wata hukuma da ke ƙarƙashin ABMS, uwar hukumomin ƙwararrun likitoci a Amurka, da lasisin aikin likita mara wani tabo, sannan ka yi horon wata 12 a shirin da ACGME, hukumar tantance shirye-shiryen horon likitoci, ta amince da shi, irin na jami'ar Duke. Bayan nan jarrabawa. Guraben kuwa ba su taka kara sun karya ba.

To amma wannan ƙofar ƙarshe ce. Kafin ita akwai USMLE, jarrabawar neman lasisin likita a Amurka, da takardar ECFMG, hukumar tantance likitocin da suka yi karatu a waje, da neman gurbin horo na aƙalla shekara 3. Duk matsayin da ka kai a gida, akasari nan ba a lissafa shi. Ni da nake da ƙananan likitoci a ƙarƙashina, sai ga ni tsaye da tsakar dare, yaron da na girme wa nesa ba kusa ba yana gyara mini rubutun fayil da jan biro, yana tambayata ko na taɓa sa allurar ruwa. Har yau abin yana ci mini rai. Kuma in da bizar J-1 ta masu zuwa horo ka shigo, doka ta ce ka koma gida shekara 2 bayan horo, sai in ka samu a ɗauke maka.

Aikin kansa ina alfahari da shi. A kawo mutum hayaƙin janareta ya sumar da shi, a sa shi a matsin da ya ninka na iskar waje sau 2 zuwa 3, ka ga ya dawo hayyacinsa. Amma akasarin ranaku gyambon ƙafar masu ciwon suga ne, da lura da kunnen majiyyaci kada matsi ya yi masa illa.

Ka fara da matakin farko na USMLE. In ka ci, ka sake rubuto mini.